Magani Kyauta, Hanya da Kuɗi

Jawabin da ɗaya daga cikin ɗiyanmu, malamin lakkol, ya yi gaban babban taron ƙungiya a Matankari. Mun buga shi kamar yadda ya karanta, domin waɗanda ba su samu zuwa ba.



Iyayena dattawa, iyayena mata, shugaban ƙungiya da mataimakansa, yayyena da ƙannena da suka zo daga Yamai, da waɗanda suka taso tun daga Kwatano da Ikko da Abijan, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa gida. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya maida kowa gidansa lafiya.

Yaro ba ya tsayawa gaban manya ya yi dogon zance sai an sa shi. To, an sa ni. Shugaba ya ce in yi magana a kan abin da gwamnati ke tsarawa game da lafiyar jama'a, da yadda abin ke isowa gare mu, tun da yau ne za a yanke shawara a kan kuɗin da ke cikin asusun ƙungiya. Ni ba lokotoro ba ne, ba anfirme ba ne. Ekol Normal na yi a Dosso, alli da allo na koya. In na yi kuskure, iyayena, ku gyara mini.

Aikina ya koya mini ƙidaya, domin kowace safiya da kiran suna na ke farawa. Saboda haka bari in fara da ƙidaya. A shekarar 1992 gwamnati ta sa aka bi gida gida a ƙasar Nijar ana tambayar mata ɗiyan da suka haifa da waɗanda suka rasu. Abin da aka samu shi ne, cikin yara 1000 da aka haifa da rai, 318 ba su kai shekara biyar ba. Wannan lissafi na tsararrakina ne, domin a waɗannan shekaru aka haife ni. Dubu tana da wuyar riƙewa a kai, bari in mayar da ita aji guda. Ku ɗauki jarirai sittin, watau cikin aji ɗaya irin namu. A zamanin da aka haife ni, goma sha tara daga cikinsu ba za su taɓa zama kan tabarmar lakkol ba. Iyayena mata da ke zaune can baya ba su bukatar in gaya musu wannan, su suka yi goyon, su suka yi zaman makokin.

An sake irin wannan bincike a 1998 aka samu 274, a 2006 aka samu 198, a 2012 aka samu 127. Watau daga goma sha tara cikin sittin, an dawo kamar takwas. Duk wanda ya ce muku ba a yi kome ba a ƙasar nan, bai yi adalci ba. Rai na Allah ne, amma Allah ya sa wa kome sababi, kuma sababin nan mutane ne suka zauna suka tsara shi, wasu kuma suka ɗauke shi a ka suka kai shi ƙauye.

Sai dai binciken nan na 2012 yana da wani shafi da ba a cika karantawa a rediyo ba. Da aka raba lissafin shekaru goma da suka gabace shi, aka ga a birane yara 83 ne cikin dubu ke rasuwa, a karkara 163. A Yamai 80. A jiharmu ta Dosso 190, kuma babu jihar da ta kai mu. Ku mayar da shi aji: ɗan yayana da ke Yamai, cikin tsararsa sittin biyar za a rasa, ɗan ƙanena da ke tunga, cikin tsararsa goma sha ɗaya. Kakansu ɗaya, tutar ƙasarsu ɗaya, dokar da ta shafe su ɗaya. Mu kuwa ba mu ne muka fi kowa yunwa ba, muna da dallol, muna da fadama, muna da rogo da rake. A ganina ruwan nan da ke ba mu garka shi ke ba mu sauro, sa'an nan ga nisa tsakanin tunga da likita. Wannan rata ita ce abin da na zo in yi magana a kai.

Na duba abubuwan da gwamnatoci suka yi tun daga samun mulkin kai, na ga sun kasu gida biyu. Akwai maganin da ke tasowa ya zo ya iske mutum a ƙofar gidansa, akwai kuma maganin da ke zaune cikin gini yana jiran mutum ya zo. Na farko ba ya tambayar ko kai wane ne. Na biyu, ko da an ce kyauta ne, na kusa da mai abin hannu su ke fara cin moriyarsa.

Baba da ke zaune nan gaba, in ya naɗe hannun rigarsa za ku ga tabon lamba. Daga 1967 aka bi ƙasashen yammacin Afirka gari gari da wata ƴar bindigar allura, ana tara mutane gindin itace, sarki da talaka, Musulmi da Azna, Bafillace da ke mashekari, kowa ya miƙa dantse. A 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya. Yau in na ce wa ƴan ajina agana, sai su yi tsammani sunan wani gari ne. Haka kurkunu, wanda ke kwantar da manomi daidai lokacin noma: da tace ruwa da gina rijiyoyi da sa ido ƙauye ƙauye aka kore shi, har a 2013 aka tabbatar babu shi a Nijar. Ba a gina wa agana ko kurkunu babban asibiti ba, sawu aka bi.

Dattawa za su tuna da ƴan agajin ƙauye da ungozomomi masu akwati. An fara abin a yankin Maraɗi tun zamanin Diori Hamani, ya bazu zamanin Seyni Kountché. Gari ya zaɓi mutum biyu, a kai su horo na ƴan kwanaki, su dawo da akwati mai nibakin da asfirin da maganin ɗigawa a ido da jan maganin miki. Tsohuwar da ke karɓar haihuwa a koya mata wanke hannu da yanke cibi da sabuwar reza. Dabara ce mai kyau, har duniya ta taru a Alma-Ata a 1978 ta ce irin wannan hanya za a bi kowa ya samu lafiya kafin shekara ta 2000. Me ya kashe ta? Mutumin nan ba a biyansa, shi ma yana da gona. Akwati ya ƙare ba mai cikawa. Anfirmen da zai zo duba aikinsa ba shi da man babur. Da farashin iraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya bushe, abin da aka fara yankewa shi ne na nesa, wanda ba ya iya zuwa Yamai ya yi ƙara. Na san gidan da akwatin nan ya ke har yau, takardun gona a ke ajiyewa ciki.

Daga nan aka shiga zamanin da duba mara lafiya kyauta ne amma kanta babu kome. Sai ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako a 1987 suka ce, to, mara lafiya ya riƙa biyan wani abu kaɗan, a tara a sayi magani mai rahusa, kanta ta daina zama wayam. A nan akwai labarin da ya kamata kowane ɗan jihar Dosso ya sani, domin a ƙofarmu aka yi shi. A 1993 gwamnati ta gwada hanya biyu. A Sayi, wanda ya kamu da ciwo shi ke biya: babba dala arba'in, yaro dala ashirin. A Boboye kuwa, aka ɗora dala arba'in kan lanhon kowane mai biyan lanho a shekara, da mai lafiya da mara lafiya, sa'an nan ranar ciwo babba ya ba da dala goma, yaro dala biyar. Da aka duba sakamako, a Boboye ne zuwa likita ya ƙaru ƙwarai, kuma talakawa na cikin waɗanda suka fi ƙaruwa. Dalili a fili ya ke: an karɓi kuɗin lokacin kaka, sa'ad da mutum ke tsaye da ƙafarsa da hatsi cikin rumbu, ba a jira sai yana kwance cikin watan Agusta ba. Amma da aka yi doka a 1995, hanyar Sayi ce ta game ƙasa, domin ta fi sauƙin karɓa. Ga shi kuma an karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin magani ya hau. Ku riƙe mini labarin Boboye, zan dawo kansa.

Abin da ya biyo baya kowa ya gan shi. Magani ya samu, amma uwa ta koyi jira. Yaro ya yi zazzaɓi, a ce bari a ga gobe. Gobe a jiƙa masa sassaƙe. Jibi a sayi ƙwaya biyu wurin mai talla. Sai ya fara jijjiga, idanu sun kafe, sa'an nan a kama akuya a nufi kasuwa. Kada mu zagi uwar nan. Lissafi ta ke yi irin na wanda ba shi da shi.

Zamanin Tandja Mamadou aka yi abu biyu. Daga 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, waɗanda mu ke kira kaz da sante, har suka kai wajen dubu biyu. Sa'an nan a Nuwamba 2005 aka ce aikin ciro jariri daga ciki kyauta ne, a Afirilu 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. A cikin waɗannan shekaru kuma aka fara rabon sange ga gidaje masu ƙananan yara, da ɗiga bitamin A, da abincin nan na leda na masu tamowa bayan yunwar 2005. Waɗannan su suka jawo lissafin da na karanta muku ya sauko. Uwa ta daina jiran jibi. Na ga wannan da idona, ba zan rage masa daraja ba.

Amma bari in bayyana yadda kyautar ke aiki, domin da yawa daga cikinmu majo mu ke zargi alhali ba a hannunsa abin ya ke ba. Likita ta duba yaro, ta ba shi magani daga kantarta, ba ta karɓi kome ba. Ta rubuta takarda, takarda ta je Dutsi, ta je Dosso, ta je Yamai, baitulmali ya biya, a sake sayen magani. In kuɗin ya dawo cikin wata biyu, kome lafiya. To, shekara da shekaru kuɗin nan ya riƙa makara, wani lokaci watanni, wani lokaci fiye da shekara, bashi ya taru ya kai miliyan dubbai. Masu bincike na LASDEL a Yamai sun bi wannan al'amari likita likita, har da nan jiharmu, sun rubuta shi. Yara kuwa su ne mafi yawan masu zuwa likita. Rijiya ce a ke ta ɗiba, ruwan sama bai zo ba. Ƙarshenta sai majo ya duba yaro kyauta, ya rubuta takardar magani ya ce a je a saya.

A nan ne rata ke buɗewa. Ma'aikacin da ke cikin Dutsi ya karɓi takarda ya tsallaka titi ya shiga farmasi. Matar da ta taso daga tunga tun asuba da goyo, da dala ashirin ƙulle a bakin zane, ta karɓi takarda irin wannan, ta ninke ta, ta koma gida da ita. Dukansu an duba su kyauta, kuma cikin rajista an rubuta su daidai wa daida.

Sanƙarau ma ya nuna mana fuskokin nan biyu. A 1995 ya kashe dubbai a ƙasar nan. A 2010 aka kawo sabuwar allura, aka bi gari gari aka yi wa kowa daga shekara ɗaya zuwa ashirin da tara, ba a karɓi ko tamma ba, irin sanƙarau da ya fi addabarmu ya kwanta. A 2015 wani iri dabam ya taso, ya kama mutum wajen 8,500, ya kashe 573, kuma yankinmu na Dutsi na cikin inda ya fi tsanani. A wannan karo allurar ba ta wadata a duniya ba. A Yamai aka rufe lakkol, masu hali suka yi layi gaban farmasi suna saye da kuɗinsu, har miyagu suka samu ƙofar shigo da ta jabu. Mu da ke daji muka zauna muna jiran rabonmu, kowane yaro ya ce kansa na ciwo sai gabana ya faɗi, in ce masa ya sunkuyar da kai in gani ko wuya na lanƙwasuwa.

Yanzu ku ba ni dama in faɗi abin da ya sa na karɓi wannan magana da shugaba ya ba ni.

Inda aka fara tura ni aiki wata tunga ce da ba zan ambaci sunanta ba. Aji na zana ne, ni kaɗai ne malami, ni ne darekta. Mai masaukina dattijo ne mai kirki, ɗansa ya tafi bida Ikko ya bar matarsa da ciki. Yarinya ce, ba ta fi shekara goma sha bakwai ba. Ta yi awo sau biyu, kyauta. Cikin damina naƙuda ta kama ta da hantsi. Aka yini. Da magariba tsohuwar da ke kanta ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta. Sai aka tsaya shawara: mijinta ba ya nan, wa zai ce a ɗauke ta? Dattijo ya ce shi ba zai fitar da matar ɗansa da dare ba sai ɗan ya sani. Na hau tudu inda a ke samun layi, na yi ta kira, wayarsa a kashe. Sai bayan lisha muka same shi, ya ce me a ke jira. Aka ɗaura amalanken jaki. Korama ta kawo, muka tsaya bakinta har ruwa ya ja. Muka isa wata likita tsakar dare. Ungozomar da ke wurin ta duba ta, ta ce wannan sai babban asibiti, sai an yi aiki, aikin kuma kyauta ne, amma motar da za ta zo sai an zuba mata gazuwal, jika goma sha biyar. Abin da ke aljihunmu duka bai kai jika shida ba. Dattijo yana da awaki, amma wa ke sayen akuya ƙarfe ɗaya na dare? Muka bi gidaje muna buga ƙofa a garin da ba a san mu ba. Wani mai tebur, Allah ya saka masa, ya ranta mana sauran a kan kalmar cewa ni mushe ne, ƙarshen wata ina da albashi. Mota ta zo da asuba. An yi mata aiki, ba a karɓi ko dala ba. Ita ta rayu. Jaririn, namiji, an ciro shi ba rai.

Na daɗe ina lissafin daren nan. Doka ta cika alkawarinta, lokotoro ya yi aikinsa, ungozoma ba ta yi mana ƙarya ba. Abin da ya ci mu awa uku na neman izini, awa biyu bakin korama, awa uku na neman jika tara. Da yarinyar nan a Yamai ta ke, taksi ɗaya ne tsakaninta da Maternite Issaka Gazobi. Yaron nan da yanzu ya gama lakkol ɗin firamare.

An san wannan matsala. A jiharmu an taɓa ƙara dala ashirin kan kowane mai zuwa likita, a tara domin man motar ɗaukar marasa lafiya, abin kuma ya yi amfani inda aka riƙe shi da gaskiya. Daga baya aka ce karɓar kuɗin daga hannun waɗanda doka ta yafe wa ya saɓa wa kyauta. Ta fuskar doka gaskiya ne. Sai dai ba a kawo abin da zai maye gurbinsa ba.

A watan Agusta 2024 hukumomi sun rage kuɗin duba mara lafiya da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati da rabi, daga 1 ga Satumba, suka ce haihuwa kyauta, suka soke jika 150 da mai ciwon ƙoda ke ajiyewa kafin a fara wanke masa jini. Wannan sauƙi ne, mun gode. A Satumban 2024 kuma a Gaya aka ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta yara. Amma tambayar da na ke so mu riƙa yi duk lokacin da muka ji sanarwa a rediyo ita ce: wanga abu, tasowa zai yi ya zo, ko zama zai yi ya jira? In mai jira ne, wa zai kai mutanenmu wurinsa? Kuma abin da aka yafe wa mara lafiya, wa zai biya wa likita, yaushe? Babban asibitin da aka buɗe a Yamai a 2016 mai gado ɗari biyar abin alfahari ne, na shiga na gani. Amma har yanzu kusan rabin mutanen ƙasar nan sun fi kilomita biyar nesa da likita mafi kusa, mu kuma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita ɗari uku ne.

To, ga abin da ke gabanmu. Shawara uku aka kawo a kan kuɗin asusu. Wasu sun ce a gina zauren taro. Wasu sun ce a haɗa da gudummawar ƴan Kwatano a sayo tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya a rubuta sunan ƙungiya a jikinta. Ni da wasu muna cewa a ware kuɗin a yi asusun hanya. Ina girmama masu shawara biyun farko, yayyena ne, wasunsu su suka biya mini kuɗin littafi ina yaro. Amma zaure zai iya jira, ga shi yau ma gindin itace muke, ba wanda ya rasa wurin zama. Mota kuwa, ku zagaya ƙasar nan ku ƙidaya waɗanda ke kan duwatsu kaji na ƙwai ƙarƙashinsu. Mota na son direba da taya da mai kowane wata, ranar biki kaɗai a ke tafa mata.

Asusun hanya shi ne dabarar Boboye, mu yi ta da kanmu. A zuba lokacin da a ke da shi, a ɗiba lokacin da babu. Kuɗin ya zauna nan gida, kada ya zauna Yamai, hannun mutum uku da gari ya yarda da su, ɗaya daga ciki mace, domin mace ce a ke fara gaya wa zancen naƙuda. Kowace tunga ta san lambar wayarsu. In ungozoma ko majo ya ce a wuce da mara lafiya, a biya gazuwal nan take, ba tambayar ɗan wane ne, ba tambayar ko gidansu na zubi. Bayan kaka mai hali ya mayar, da kuɗi ko da damma, wanda ba shi da hali gari ya san shi, a yafe. A rubuta kome cikin littafi, a karanta shi gaban taro kowace shekara, a buga shi cikin wagga takarda tamu. Na san abin da wasu ke raɗawa, cewa an taɓa yin asusu ya narke. Gaskiya ne, shi ya sa na ce mutum uku da littafi. In an yarda, ni na ɗauki rubutun, ba na son ko tamma.

Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi, shi ne na fi jin nauyin faɗa. Yayyena ƴan bida, kafin ku hau mota ku bar izini. Ku faɗa gaban mahaifi da mahaifiya da liman cewa in ciwo ya kama matarku ko ɗanku, a kai su likita ba sai an neme ku ba. Kuna aiko da kuɗi ta Nita da Amana, Allah ya ƙara buɗi, amma kuɗin da ya iso da safe ba ya maganin abin da ya faru da dare. Iyayena dattawa, ku gafarce ni, kunya ce da girmama ɗa ta sa mai masaukina ya jira, ba mugunta ba, ya kuwa yi kuka a gabana kamar yaro. Ku ɗauke wa junanku wannan nauyi tun yanzu, a ce a garin nan an gama magana, mace mai naƙuda ba ta jiran waya.

Iyayena mata, maganin da ke zuwa ƙofa shi ma yana da nasa sharaɗi. Tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara daga wata uku zuwa shekara biyar, wata wata. Masu rabo na ba da na ranar farko a gabansu, na kwana biyu da ke biye a hannunku ya ke. Na sha ganinsa cikin kwalla an ajiye wai sai yaro ya kamu. Ba don haka aka yi shi ba, a ba shi ya shanye yana lafiya lau. Sange kuma, na ga wanda aka kewaye tumatir da shi a fadama. Tumatirin dai ya yi kyau. Da an koma lakkol a watan Oktoba, rajistata ke gaya mini gidan da aka kwana cikin sange da gidan da ba a kwana ba.

Na ƙarshe, kowace likita tana da kwamitin gari mai sa ido kan kuɗi da magani. Kujerunmu a can sau da yawa wayam su ke, ko kuwa mun tura wanda ba ya iya karanta lissafi don dai a girmama shi. Cikinmu akwai ƴan fansho da suka yi shekara talatin suna aikin lissafi a ma'aikatun Yamai, sun dawo gida suna zaune. Ina roƙon ƙungiya ta zaɓi biyu daga cikinsu su riƙa zama, su tambayi takardun kyauta nawa aka aika, nawa aka biya, wane magani ya yanke, tun yaushe. In majo ya ga gari na tambaya da ladabi, shi ma ya samu abin da zai kai gaba, domin muryarsa shi kaɗai ba ta wuce Dutsi.

Shugaba, na wuce lokacin da aka ba ni, a yi mini afuwa. Ma'aji yana da lissafin abin da ke cikin asusu, ni kuma na rubuto kuɗin gazuwal daga nan zuwa Dutsi da kuma zuwa Dosso kamar yadda direbobi suka gaya mini wannan mako, ga takardar. Ina roƙo a karanta su biyun a jere kafin a ɗaga hannu, kuma a bar iyayenmu mata su fara magana.